Libarbar da ta fi dacewa da ƙugun ɗan sanda: ni Model 10 na riƙe

Shekaranjiya da daddare wani aminina ya turo mini hoton wata libarba mai suna Colt Python, baƙa wuluk tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu. A ƙasan hoton ya rubuta cewa tun da aka fara aikin ɗan sanda a duniya ba a taɓa ɗaura wa jami'i ƙaramar bindiga kamarta ba. Na ce masa kyau kam ba a magana, amma ban yarda ba. Muka yi ta ja-in-ja har dare ya raba, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, gara in zauna in baje hujjata a nan kowa ya gani.

Bari in fara da sunan. Tsofaffinmu sun san kalmar libarba, amma matasan yanzu duk wata ƙaramar bindiga fistol suke ce mata, alhali ba ɗaya ba ne. Libarba tana da wata ganga a tsakiyarta mai ramuka shida, wasu biyar, kowane rami da harsashinsa. Idan mutum ya ja kunama, jan nan shi ke juya gangar, shi ke ɗaga gudumar baya, shi ke sakinta ta daki gindin harsashi. Yatsa ne ke yin aikin gaba ɗaya. Fistol irin na yau kuwa harsasansa a jere suke cikin wani gida da ake cusawa ta cikin ƙota, kuma ƙarfin harbin da ya fita shi ke tofar da kwanso ya hau da sabo. Tarihi nake magana a kai, jama'a, da kuma ƙira. Dokar ƙasarmu ba ta ba farar hula damar riƙe irin waɗannan ba, kuma duk wanda ya ga abin da bindiga ta yi mana a shekarun nan ba zai so a sassauta ba.

A Amurka wannan labari ya fi kauri, don can ne kowane ɗan sanda ke fita aiki da bindiga a ƙugu. A 1896 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yana jagorantar hukumar 'yan sandan birnin Niyok. Ya tarar kowa da irin bindigar da ya ga dama, wani tasa ta gado ce, wani ma bai taɓa harba tasa ba. Sai ya sa aka sayo Colt New Police guda 4,500, aka ce kowa ita zai riƙe, kuma kowa sai ya koyi harbi. Daga nan har wajen 1990, kusan shekara ɗari ke nan, libarba ce abokiyar aikin ɗan sandan Amurka, kuma kamfanoni biyu ne suka yi ta kokawa a kan wannan kasuwa, Colt da Smith & Wesson, kafin Ruger ya shigo daga baya.

To da wane ma'auni za a auna? Nan ne muka rabu da aminina. Shi yana kallon bindigar a hannun gwani, a filin gasa, da rana tsaka. Ni kuwa ina kallon ta a hannun kurtun da ya fito daga horo wata uku da suka wuce, ƙarfe biyun dare, ana ruwa, hannunsa na rawa. Ina kallon ta a ƙugun sajan da zai yi shekara ashirin da biyar yana yawo da ita, gumi na cin ta, tana bugun ƙofar mota kullum, wataƙila bai taɓa zare ta a kan mutum ba sai rana ɗaya tak. Ina kuma kallon ta a teburin maƙerin rundunar da aka jibge wa bindiga dubu ya duba, da kuma a littafin ma'ajin da zai biya kuɗin. Bindigar aiki ta jama'a ce, ba ta gwani ɗaya ba. Idan da wannan aka auna, babu wadda ta kama ƙafar Smith & Wesson Model 10.

A 1899 aka fara ƙera ta da sunan Military & Police, tare da harsashinta .38 Special. Sai a 1957 da kamfanin ya fara sa wa bindigoginsa lamba ta koma Model 10. An ƙera fiye da miliyan 6, kuma har yau ba a daina ba. A yaƙin duniya na biyu an yi ta da yawa da sunan Victory, aka aika wa Ingila da ƙasashen da ke tare da ita. Bayan yaƙin ta mamaye ofisoshin 'yan sanda daga Niyok har ƙananan garuruwan da jami'ansu ba su wuce biyar ba. 'Yan sandan Hong Kong sun ci gaba da sintiri da ita har cikin shekarun 2020. Wanda ya girma a lokacin da Fijo 504 ke fitowa daga Kaduna zai fahimci abin da nake nufi. Ba ita ta fi kowace mota kyau ko gudu ba, amma ita gwamnati ke saye, ita ke shiga kowane lungu, kuma duk garin da ta lalace akwai bakaniken da ya san cikinta.

Ku dubi yadda aka yi ta. Nauyinta bai kai kilo ɗaya ba ko da mai kaurin baki ce, tsawon bakin inci 4. Ba ta da wani maɓalli da sai an tuna an murɗa kafin ta tashi. Saitinta na baya wata 'yar kwari ce da aka sassaƙa a jikin ƙarfen kanta, don haka ko ta faɗi, ko ta bugi bango, saitin ba ya gocewa. Idan aka yi rashin sa'a harsashi ya ƙi tashi, ba sai an tsaya gyara ba, a sake jan kunama kawai ganga ta kawo na gaba. Jan kunamar yana da tsawo da nauyi, wajen kilo biyar, kuma wannan nauyi rahama ne, don mutumin da ya firgita ba zai harbe wanda ya ɗaga hannu ba saboda yatsansa ya motsa kaɗan. Rundunonin Niyok da Los Anjalas har sun kai ga hana a ɗana gudumar da babban yatsa, suka sa aka gyara bindigogin yadda ba sa tashi sai da cikakken ja. Wannan ya nuna mini cewa sun san ran wanda ke gaban bindiga shi ma amana ne a hannunsu.

Akwai kuma maganar hannu, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Tun da babu gidan harsashi a cikin ƙotar libarba, ana iya cire katakon a sa ƙarami ko babba. Jikin Model 10 matsakaici ne, yatsan mai ƙaramin hannu yana kai wa kunama ba tare da ya karkace riƙonsa ba. Lokacin da mata suka fara shiga aikin sintiri da yawa a shekarun 1970, wannan ya yi amfani ƙwarai. Harsashin .38 Special kuma ba ya dukan hannu sosai, ba ya kashe ido da walƙiya cikin duhu. Mutum zai iya harba hamsin a filin horo ya tafi gida bai tsani bindigarsa ba, kuma wanda bai tsani bindigarsa ba shi ke komawa filin horo.

Ba zan ɓoye aibinta na farko ba. A lokacin yaƙi wata ta faɗo a daben jirgin ruwan soja ta tashi, ta kashe wani sojan ruwa. Wannan ya sa a ƙarshen 1944 kamfanin ya sake ƙirar ƙarfen da ke tare guduma, yadda ba za ta taɓa harsashi ba sai an ja kunama. A nan Colt ya riga su nesa ba kusa ba, don tun 1905 ya sa irin wannan kariya, daga nan ma sunan Police Positive ya samo asali.

Da yake na ambaci Colt, dole in ba shi haƙƙinsa. Kafin yaƙin duniya na biyu shi ne sarkin kasuwar. Official Police da ya fito da wannan suna a 1927 bindiga ce ta ƙwarai, ta ɗan fi Model 10 kauri da ƙarfi, kuma manyan rundunoni sun riƙe ta shekaru. A shekarar nan dai ya fito da Detective Special mai baki inci 2 da harsashi shida, wadda 'yan sandan ciki suka so don tana ɓuya a ƙarƙashin kwat. Smith & Wesson bai ba da amsa mai kyau ba sai 1950 da Chiefs Special, ita kuma biyar take ci. Idan ana maganar ta ɓoyewa, ni ma Colt zan ɗauka. Abin da ya kayar da Colt shi ne kayan cikinsa. Kowace bindiga sai gwani ya zauna ya goge ƙananan ƙarafanta da hannu har su dace da juna. Idan ta sha aiki, lokacin juyawar ganga da faɗuwar guduma ya fara saɓawa, to ba kowane maƙeri ke iya daidaita ta ba. Da albashin gwanaye ya tashi, kuɗin bindigar ya tashi, rundunoni suka juya baya.

Python da aminina ke yabo ita ce ƙololuwar wannan hanya. A 1955 ta fito, tana cin .357 Magnum, an goge ƙarfenta har mutum na ganin fuskarsa, kunamarta kamar ana jan zaren siliki, kuma a filin gasa da wuya a samu wadda ta fi ta kai harsashi inda ake so. 'Yan sintirin manyan hanyoyi na jihohin Kolorado, Jojiya da Fulorida sun riƙe ta. Ban musa ko ɗaya ba. Amma kuɗin guda ɗaya ya kusa sayen Model 10 biyu, ta fi nauyi, kuma ciwon da ke damun sauran 'yan gidansu yana damunta. Marsandi ce. Wanda ya saya da kuɗin aljihunsa, yana goge ta duk yamma, zai more ta. Rundunar da ke da mutum dubu goma ba za ta iya rainon ta ba.

Maganar Magnum ɗin kanta tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A shekarun 1920 da 1930 'yan fashi a Amurka sun koma aiki da mota, 'yan sanda suka fara kukan cewa harsashinsu ba ya huda jikin mota. Smith & Wesson ya fara da ƙara wa .38 albarushi a babbar bindiga a 1930, sannan a 1935 ya fito da .357 Magnum, aka ba J. Edgar Hoover shugaban FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, mai lamba ta ɗaya. Kaurin harsasan biyu ɗaya ne, wajen milimita 9, sai dai an ƙara wa kwanson Magnum tsawo kamar milimita 3 don kada ya shiga tsohuwar bindigar da ba za ta iya ɗaukar ƙarfinsa ba. Shi ya sa libarbar Magnum ke cin .38, amma ta .38 ba ta cin Magnum. A 1954 aka yi Highway Patrolman, wadda ta zama Model 28, ba ado ba ƙyalli, ƙarfi zalla. Ga wanda ke zaune a mota yana sintirin hanya ta yi. Ga wanda ke taka ƙafa awa takwas, nauyinta ya wuce kilo, ƙugu ke biya.

Sai wani jami'in tsaron iyaka mai suna Bill Jordan, mutumin da ya yi suna wajen saurin zare bindiga, ya ba shugaban kamfanin shawara: a ɗauki jikin Model 10, a ƙarfafa shi, a sa masa Magnum. A 1955 aka haifi Combat Magnum, wato Model 19. Idan akwai wadda ta sa ni jinkiri kafin in yanke hukunci, ita ce. Riƙonta daɗi, nauyinta daidai, saitinta ana iya murɗa shi. Tunanin shi ne a riƙa horo da .38, a fita aiki da Magnum. Amma da aka shiga shekarun 1970 rundunoni suka ga dole a yi horo da abin da ake fita da shi, ga kuma sabon harsashi marar nauyi mai tsananin zafi, sai gindin bakin bindigar, wajen da aka shafe ƙasansa don ganga ta samu wurin rufewa, ya fara tsagewa a wasu. Dole kamfanin ya fito da mai jiki mafi kauri, 586 da 686, a farkon shekarun 1980. Bindigogi ne masu kyau matuƙa, sai dai sun zo la'asar sakaliya, kasuwa na shirin tashi.

Wanda ke ganin ƙarfin harsashi shi ne komai ya duba abin da ya faru da Model 58. A 1964 aka yi ta musamman don 'yan sanda, da .41 Magnum. Biranen San Antoniyo da San Faransisko suka saya. Jami'ai suka kasa jure dukanta, makinsu a filin horo ya faɗi, a 1977 aka daina ƙera ta. Harsashin da bai sami inda aka nufa ba, ƙarfinsa a kan wani bawan Allah da ke wucewa zai ƙare.

Ruger kuwa ina girmama shi. Ya shigo a 1972 da Security-Six da 'yan uwanta Service-Six da Speed-Six, ya zuba narkakken ƙarfen a mazubi maimakon sassaƙa shi, jikin ya zama dunƙule ɗaya ba murfin gefe, ana warware ta ba tare da tarin kayan aiki ba. Ta fi Model 19 jure Magnum, ta kuma fi ta araha. An ƙera wajen miliyan ɗaya da rabi kafin a tsaya a 1988. Da a 1930 ta fito, da wataƙila wani rubutun nake yi yau. Kunamarta dai ba ta kai ta Smith & Wesson santsi ba, kuma ba ta samu shekarun da za ta tara irin shaidar da Model 10 ta tara ba.

A wajen Amurka guda ɗaya ce ta tsaya mini a rai, Manurhin MR 73 ta Faransa, wadda aka fara ƙerawa a garin Mulhouse a 1973. An yi ta ne don jami'an da ke harba cikakken Magnum kullum, irin GIGN, runduna ta musamman ta jandarmomin Faransa, kuma ta jure. A Disamban 1994, lokacin da suka kutsa jirgin Air France da aka sato daga Aljeriya aka sauke a Marsey, mutumin da ke kan gaba MR 73 ce a hannunsa. Idan tambayar ita ce wace libarba aka fi ƙerawa da inganci, ita zan nuna, ba Python ba. Amma ta zaɓaɓɓu ce, tsadarta ta sa Faransa kanta ta nemi mai sauƙi ga sauran jami'anta. Ingila kuwa, inda yawancin 'yan sanda ba sa ɗaukar bindiga, Webley suka riƙa ajiyewa a ma'aji, wadda ake karyawa biyu kamar bindigar mafarauta ta tofar da kwansuna shida lokaci guda.

Yanzu bari in faɗi inda hujjata ke da rauni, don ban zo in yaudari kowa ba. Na farko harsashin .38 da aka daɗe ana ba jami'ai. Dalma ce mai zagayayyen kai, nauyin giram 10, tana ratsa jiki ta wuce ba ta tsayar da mai kawo hari nan take ba. Jami'ai sun mutu saboda haka. Amma laifin harsashi ne, kuma da aka koma mai rami a kai a farkon shekarun 1970, irin wanda FBI ta ɗauka, Model 10 ɗin nan dai ta yi aikin da ake nema.

Na biyu shi ne wanda ba shi da magani: shida shida ne. A daren 5 ga Afrilun 1970, a Newhall da ke Kalifoniya, wasu miyagu biyu suka kashe 'yan sintirin hanya huɗu cikin ƙasa da minti biyar. Jami'an duk matasa ne 'yan shekara 23 da 24. Ɗaya daga cikinsu, James Pence, ya harbe shidansa, an ji masa rauni, yana durƙushe yana cusa harsasai ɗaya bayan ɗaya daga 'yar jakar ɗamararsa, maharin ya zagayo ya harbe shi. Python ce a hannunsa, aminina. Kyanta da santsin kunamarta ba su ƙara masa harsashi na bakwai ba. Duk lokacin da na karanta labarin yaron nan sai jikina ya yi sanyi. Bayan wannan ne aka sake tsarin horo, aka kuma fara ba jami'ai maɗurin gaggawa, wata 'yar na'ura mai riƙe harsasai shida a da'ira ta zuba su lokaci guda. Niyok ba ta yarda da shi ba sai da aka kashe wani matashin jami'inta, Scott Gadell, a 1986, shi ma yana cikin ɗuri. Tsofaffin hannu irin Jim Cirillo, wanda ya yi aiki a rundunar kwanton ɓauna ta birnin daga ƙarshen shekarun 1960 ya kuma tsira daga musayar wuta da dama da Model 10, sun san wannan tun tuni, shi ya sa suke ɗaukar ta biyu. Idan ta farko ta ƙare, a yar a zaro ɗayar.

A ranar 11 ga Afrilun 1986 a Mayami, jami'an FBI takwas suka tare 'yan fashin banki biyu, tsofaffin sojoji, ɗaya da doguwar bindiga. Aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar. Wani jami'i da aka harba a hannu ya kasa ɗura Model 19 ɗinsa saboda jininsa ya cika ramukan gangar. Wanda ya kawo ƙarshen faɗan, Edmundo Mireles, hannunsa ɗaya a ragargaje, da libarba ya tako ya harba shidansa. Duk da haka hukumar ta ga abin da ta gani, ta koma fistol. Dama 'yan sandan jihar Ilinoi sun riga kowa tun 1967, sojan Amurka ya ɗauki Beretta a 1985, ga Glock daga Ostiriya mai cin 17 yana ƙwanƙwasa ƙofa da farashi mai sauƙi. Ban ga laifin wanda ya sauya ba. Da ni ke da alhakin rayukan jami'ai a lokacin, da na sauya.

Amma tambayar da muka faro da ita ba ta fistol ba ce. Tambayar ita ce, a cikin masu shidan nan wace ce ta fi yi wa ɗan sanda aiki, kuma a wannan aibi na ɗuri dukansu ɗaya suke, mai tsada da mai araha. Abin da ya rage a auna shi ne wadda mutane mafi yawa suka iya harbawa daidai, wadda ta fi daɗewa ba ta je wurin maƙeri ba, wadda ƙaramar runduna ta iya saya wa kowa. Niyok ta fara ba sababbin jami'anta fistol a 1993, amma ta bar tsofaffi da abin da suka saba. Wasunsu suka ƙi rabuwa da .38 ɗinsu har shekara ashirin da biyar bayan haka, matasan abokan aikinsu na zagaye su suna kallon ƙugunsu. Sai a ƙarshen Agustan 2018 aka ba da umarnin cewa 'yan tsirarun da suka rage su ajiye.